Masu Tafiya da Gidansu a Arewacin Sikotlan

Yau filin namu zai yi nisan kiwo, gama zan kai ku can ƙurewar arewacin Birtaniya, ƙasar Sikotlan, mu ga wata al'ada ta Turawa, kana mu duba wata tambaya wadda ta kan haɗa miji da mata gardama a can, watau ko sayen tsohuwar mota mai ɗaki riba ne ko hasara. Kada ki ce ina ruwanki da motar Turawa, 'yar'uwa. Maganar tattalin kuɗin gida ce, wannan kuwa ba macen da ta bari.

MECE CE MOTA MAI ƊAKI?

Turawa na ce mata motahom. Mota ce mai girman bas, an gina ɗaki a bayan mazaunin direba. In kin shiga za ki tarar da gado, da tebur, da kujeru waɗanda a kan shimfiɗe su da dare su zama gado na biyu. Ga murhun gas, ga firji, ga wurin wanke-wanke da famfonsa, ga kabad-kabad a sama da ƙasa, a kusurwa kuma ga ɗan makewayi da wurin wanka, wanda mai jiki ba ta juyawa a cikinsa sai da dabara. A ƙarƙashin daɓen akwai tanki biyu, ɗaya na ruwa mai tsabta, ɗaya na ruwan da aka yi amfani da shi. Ta bambanta da karaban, gama shi karaban ba shi da injin, sai an ɗaura shi a bayan wata mota an ja.

Abin ya daɗe. Cikin 1885 wani likitan sojan ruwa ɗan Sikotlan, Dokta William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa ɗaki a kan ƙafafun keke, dawaki biyu na ja, ya taso daga kudancin Ingila bai tsaya ba sai garin Inverness. Cikin 1907 masu irin wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu, wadda har yanzu tana nan, ana kiranta Caravan and Motorhome Club. Da mota ta yawaita sai aka sallami dawaki. Kamfanin Volkswagen ya fara ƙera 'yar bas ɗinsa cikin 1950, ba a jima ba masassaƙa suka shiga sa mata gado da murhu. A yau galibin motocin nan na Turai a kan ƙashin motar kaya a ke gina su, kamar Fiat Ducato ko Ford Transit.

HANYA MAI MIL 516

To, inda Dokta Stables ya ƙare tafiyarsa, nan za mu fara tamu. Inverness shi ne babban garin ƙasar tuddai ta Sikotlan, yana bakin kogin Ness, daga Landan kuwa tafiyar ta fi mil 550. Cikin 2015 aka haɗa waɗansu tsofaffin hanyoyi aka ba su suna ɗaya, North Coast 500, domin a jawo baƙi. Hanyar ta tashi daga Inverness, ta kewaye bakin teku, ta komo Inverness, tsawonta mil 516. Tun daga lokacin, da zarar bazararsu ta kama, sai ki ga motoci masu ɗaki a jere kamar ayarin fatake.

In kin fita garin kin miƙe yamma, sannu a hankali gonaki su kan ƙare, duwatsu su fara. Nan za ki iske hawan da ya fi ko wanne ban tsoro, sunansa Bealach na Ba, da harshen mutanen wurin na asali ma'anarsa mashigin shanu, don ta nan a ke kora shanu zuwa kasuwa a zamanin da. Hanyar ta taso daga bakin teku ta hau ƙafa 2,054 cikin 'yan mil kaɗan, tana lanƙwasa kamar maciji, a waɗansu wurare in kin yi gaba taki biyar kin hau taki ɗaya. A gindin hawan an kafa allo ana gargaɗin masu koyon tuƙi da masu manyan motoci da masu jan karaban kada su bi. Mai hankali ya kan zaga ta hanyar Shieldaig, ya isa ƙauyen Applecross lafiya, ya zauna yana kallon duwatsun tsibirin Skye a hayin ruwa.

Daga nan sai arewa. Za ki wuce Torridon da jajayen duwatsunta, ki isa Ullapool, ɗan gari mai fararen gidaje a bakin ruwa, wanda aka kafa cikin 1788 domin masunta. Gaba da shi ƙasar ta kan zama fayau, ba itace, sai ciyawa da tafkuna da tumaki. Kina iya yin tafiyar rabin sa'a ba ki ga gida ba. Wannan shiru yana da tarihi mai ban tausayi. A farkon ƙarni na 19 masu ƙasa suka tashi talakawa daga kwaruruwan Sutherland don su sami wurin kiwon tumaki, waɗansu aka tura su bakin teku, waɗansu suka shiga jirgi sai Kanada. Har yanzu ana ganin kufan gidajensu.

A Durness akwai kogon Smoo, wanda ruwa ke zuba a cikinsa daga sama, da rairayi fari fat kamar gari. Sa'an nan hanya ta juya gabas, ta bi ta Thurso, ta wuce kusa da Dunnet Head, inda babban tsibirin Birtaniya ya ƙare ta arewa, ta kai John o' Groats, kana ta gangaro kudu ta Wick da Dornoch zuwa Inverness.

Abu uku za su ba ki mamaki. Na fari, cikin watan Yuni rana ta kan yi wajen sa'a 18 a sama, dare ba ya yin duhu sosai, sai mai salla ta riƙe takardar lokatai, kada ta dogara da ido. Na biyu, waɗansu 'yan ƙananan ƙwari masu cizo, ba su kai sauro ba, amma in iska ta kwanta su kan taso kamar hayaƙi, su kori mutum cikin ɗaki. Na uku, da yawa daga hanyoyin yamma da arewa faɗin mota ɗaya ne tak. An yi 'yan wuraren ratsewa jefi-jefi, in kun yi kiciɓis da wata mota sai wanda ya fi kusa da maratsa ya tsaya, ko ya koma da baya. A hannun hagu su ke tuƙi, kamar yadda mu ke yi a Nijeriya kafin 1972.

Kin ga amfanin tafiya da gida a irin wannan ƙasa. Masaukai kaɗan ne, ga tsada, su kan cika tun da wuri. Mai ɗakinta kuwa ta dafa abin da ta ga dama, ta san abin da ya shiga tukunyarta, 'ya'yanta su kwanta a shimfiɗar da suka saba. Kin kuma ga hatsarinta. In injin ya mutu a bayan Durness, makaniki na nesa, kayan gyara sun fi shi nisa.

ABIN DA KE JAN MUTANE GA TSOHUWA

Kuɗi ne. Sabuwar mota mai ɗaki a Birtaniya da wuya ta kasa fam 50,000, wadda ta shekara ashirin kuwa a kan same ta tsakanin fam 10,000 da 20,000. Bayan wannan, sabuwa tun ranar da ta bar kanti darajarta ta fara zubewa, tsohuwa kuwa ta riga ta zubar da mafi yawan tata, in an riƙe ta da kyau a kan sayar da ita ba da hasara mai yawa ba. Injinan da kuma ba su da yawan na'urori, ƙaramin gareji ma ya iya su. Uwa kuma hankalinta ya fi kwanciya in yaro ya zubar da shayi a kan tsohuwar kujera.

Amma fa a lura, cikin 2020 da 2021, sa'ad da annobar korona ta hana mutane fita ƙasashen waje, kowa ya rugo neman irin motocin nan, kuɗinsu ya tashi, har waɗanda ya kamata a ce sun huta aka wanke su aka fito da su kasuwa. Araha ba ta ado. Duk wadda maigidanta ya taɓa sayo mota 'yar Kwatano ta san kyan fenti ba shi ne lafiyar mota ba.

BABBAN MACUCI SHI NE DANSHI

Mai sayen irin motar nan abu biyu ya ke saye a lokaci ɗaya, tsohuwar mota da tsohon gida, ko wanne da ciwonsa. Maza su kan ruga wajen injin, su buɗe, su saurara, su gyaɗa kai. Ke kuwa, uwargida, shiga ɗakin, gama nan babbar ɓarnar ta ke ɓuya, hancinki da hannunki kuma sun fi nasa sanin ɗaki.

Ga yadda abin ya ke. Bangon tsofaffin motocin nan sirara ne, fallen alminiyam a waje, katako a tsakiya, falanki a ciki. Duk inda aka haɗa falle da falle, ko aka huda don taga ko ƙofa, da danƙo a ke toshewa. Shekara da shekaru rana na dukan danƙon, sanyi na dukansa, mota na girgiza shi, sai ya bushe ya tsage. Ruwan sama, wanda ba ya yankewa a ƙasarsu, ya riƙa shiga kaɗan kaɗan, katakon ya sha ya ruɓe, a waje kuwa mota na ƙyalli. Kafin tabo ya fito fili ɓarna ta yi nisa, gyaranta kuma sai an kware bango, wani lokaci kuɗin aikin ya fi kuɗin motar.

Sabo da haka da kin shiga, ki rufe ƙofa ki shaƙa. In kin ji warin fumfuna, ko kuwa kin ji an fesa turare ya yi yawa, ki yi hattara. Ki buɗe ko wane kabad ki danna kusurwoyinsa da yatsa, ki danna gefen tagogi da kewayen tagar rufi. Bango lafiyayye ba ya lotsawa. Ki ɗaga katifu ki duba ƙarƙashinsu, ki taka daɓen ko ina, in ya yi laushi kamar soso a ƙafarki, to, ya rabu. Akwai wata 'yar na'ura ta awon danshi wadda masu gyara ke dannawa a bango. In ta nuna ƙasa da kashi 15 cikin ɗari, lafiya lau. In ta wuce 20 a bincika. In ta kai 30, ku yi sallama da mai mota ku kama hanya.

Bayan danshi sai gas da wuta. A kunna murhu, da firji, da na'urar ɗumama ɗaki, da ta ruwan zafi, ɗaya bayan ɗaya, a gabanki. Wutar gas lafiyayya shuɗiya ce, in ta yi ja-ja tana baƙanta tukunya akwai magana. Tiyon gas ya kan tsufa ya tsattsage. Mafi muni, na'urar da ba ta ƙona gas sosai ta kan fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ta kashe mutane cikin barci. Akwai ɗan ƙararrawa mai araha da ke kuka in iskar nan ta taru, kada a kwana a motar sai da shi.

Wani abu kuma da uwaye ke mantawa: ki ƙirga bel ɗin ɗaure jiki. Da yawa cikin tsofaffin nan suna da makwancin mutum huɗu, amma bel biyu kaɗai, na direba da na kusa da shi. To, yaran fa, ina za su zauna sa'ad da mota ke gudu?

Shi kuma maigida ga nasa aikin. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi da tocila, don a ƙasarsu a kan watsa gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa abokin tsatsa ne. Kada ƙarancin mil ya ruɗe shi. Motar da ta yi wata takwas a tsaye ko wace shekara, birkinta ya kan ƙage, robobinta su bushe, batir ya mutu. Akwai wani bel na roba a cikin injin wanda ke daidaita tafiyarsa, a injina da yawa a kan sake shi bayan shekara huɗu ko biyar ko da ba a yi tafiya ba, in ya tsinke a hanya injin ya tashi aiki. Ya nemi rasit na ranar da aka sake shi. Taya ma tana da ranar haihuwa, lamba huɗu a gefenta: in an rubuta 2318, an yi ta cikin mako na 23 na shekarar 2018 ke nan. Tayar irin motocin nan tsufa ke kashe ta tun zanenta bai goge ba, in ta haura shekara bakwai ba a amince mata.

ABIN DA DOKA TA CE

A Birtaniya motar da ta wuce shekara uku tilas a kai ta gwaji ko wace shekara, ana kiran gwajin MOT, kowa kuma na iya duba sakamakon shekarun baya kyauta a intanet da lambar motar. Sai dai masu gwajin nan ba ruwansu da ɗaki. Motar da bangonta ya ruɓe tana iya cin gwajin sarai. Duban ɗaki aiki ne dabam, mai saye shi zai nemi gwani ya biya shi, kuɗin nan kuwa ba a yin kyashinsa, riga-kafi ya fi magani.

Sai nauyi. Wanda ya sami lasin tuƙi daga 1 ga Janairu 1997 zuwa yau, ba shi da iznin tuƙa motar da ta wuce kilo 3,500 sai ya ci wata jarrabawa. Ko wace mota kuma da iyakar kayan da aka yarda ta ɗauka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin lita 100 ya cinye kilo 100 ke nan tun ba a sa tukunyar gas, da tukwane, da buhun shinkafa, da mutane ba.

Sai hayaƙi. Tun 29 ga Agusta 2023, motar da injinta bai cika ƙa'idar tsabtar hayaƙi ba tana biyan fam 12.50 ko wace rana in ta yi yawo a ko wace unguwa ta Landan, motocin dizal da aka yi kafin wajen 2015 kuwa galibinsu ba su cika ba. A Sikotlan abin ya fi tsanani, gama ba a sayen izni, tara ce ta fam 60, in an sake ta ninka. Gilasgo ta fara cikin 2023, Edinbara da Aberdeen da Dundee suka bi cikin 2024, a tsakiyar gari. Inverness da hanyar da muka bi ba su cikin wannan.

Wanda ya saya a hannun ɗan kasuwa, dokar 2015 ta ba shi kwana 30 ya mayar in ya sami aibi. Wanda ya saya a hannun mai ita ya fi samun sauƙin kuɗi, amma ba shi da wannan kariya. Ko ta wace hanya, a bincika ko akwai bashi a kan motar, a kuma gwada lambar jikinta da ta takarda.

Akwai kuma hakkin mutanen gari. Dokar Sikotlan ta 2003 ta yarda mai tafiya a ƙasa ya kafa tanti a daji, amma ba ta haɗa da mota ba. Mutanen ƙauyukan nan sun sha kuka da baƙi masu toshe maratsa, da masu zubar da ƙazantar makewayi a bakin rafi. Akwai zango-zango da aka tanada, da ruwa da lantarki da ramin zubarwa, a biya a kwana. Baƙon kirki ba ya ɓata gidan da ya sauka.

MU YI LISSAFI

Irin motocin nan su kan yi wajen mil 25 zuwa 30 da galan ɗaya. Hanyar mil 516 za ta sha kamar galan 21 ke nan, ban da zuwa da komowa. Wannan mai sauƙi ne. Kuɗin da ke cin mutum shi ne wanda a ke biya ko mota ta motsa ko ba ta motsa ba: inshora, da harajin hanya, da gwajin shekara, da juyen baƙin mai, da duban ɗaki, da hayar wurin ajiya ga wanda ba shi da fili, da gyaran da ba a rasawa.

'Yan makaranta, ku ɗauko alli. Mu ƙaddara, don misali kawai, duk waɗannan sun tashi fam 2,000 a shekara. Iyalin da suka kwana 14 a motar, ko wane dare ya tsaya musu wajen fam 143, tun ba su sayi mai ba. Waɗanda suka kwana 60 kuwa, dare ya tsaya musu fam 33 da 'yan kai. Mota ɗaya, kuɗi ɗaya, amma ga waɗancan hasara, ga waɗannan riba.

To, ga amsar. Tsohuwar mota mai ɗaki ta cancanci saye ga iyalin da za su yi ta tafiya da ita, waɗanda a cikinsu akwai mai hannun gyara, suna da inda za su ajiye ta, sun kuma sami busasshiya mai cikakkun takardu. Su ma kada su zuba duk abin da suka tara a kan saye, su rage wani abu a gefe domin gyaran shekarar fari. Amma masu hutun mako biyu a shekara, da masu niyyar cin bashi, da mazauna tsakiyar manyan garuruwan da muka ambata, haya ta fi musu. Wanda ma ya ƙudura saye, ya fara yin hayar mako guda tukuna, ya ga ko shi da iyalinsa za su iya zaman ɗaki mai taki shida ana ruwa kwana uku ba su yi faɗa ba. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Ke kuma, 'yar'uwa, ko keken ɗinki ne, ko firji, ko gida, in an kawo miki na hannu ana yabonsa, ki tambayi abu uku: ina ɓarnarsa ta ke ɓuya, nawa zai riƙa ci bayan an saya, sau nawa za a yi amfani da shi? In maigida ya zo da zumuɗi, ki bari ya huta ya ci abinci, sa'an nan ki kawo takarda da fensir ku yi lissafin tare cikin ladabi. Allah ya sa albarka cikin abin da mu ke samu, ya tsare mu da sayen da-na-sani, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.